Wasiƙa daga Damagaram: Wai laifi ne mutum ya canza fahimtarsa ta addini?

Malam Edita, assalamu alaikum wa rahmatullah, ya aiki ya haƙuri da mu masu dogon surutu. Ni dai tela ne a nan Damagaram, in faɗa tun da wuri kar wani ya ce na shiga gonar da ba tawa ba, karatuna bai wuce allo da Ahalari da Ishimawi da ɗan abin da na tsinta a Risala ba, lakwal kuwa, wato makarantar boko, aji shida na yi na gudu. To amma akwai maganar da ta tsaya mini a wuya tun azumin da ya wuce, na ce bari in amayar da ita a jaridarku ko na samu in yi barci, in kun ga ta yi tsawo ku yanke, aikina ke nan ni ma, yankan abin mutane.

Abin da ya faru shi ne wani malami a wajen tafsiri ya ce jama'a, shekarun baya na gaya muku abu kaza haramun ne, to na sake bincike na ga na tsananta, malamai sun yi saɓani a kai, don haka na janye waccan magana. Shi ke nan fa abin da bawan Allahn nan ya ce. Kafin a sha ruwa yara sun tono tsohon bidiyonsa sun manna da sabon, ga shi jiya ga shi yau, suka watsa a WhatsApp da fuskokin dariyar nan masu hawaye, wai malam ya yi amai ya lashe. Ba zan faɗi sunansa ba, kuma ba zan faɗi mas'alar ba, don na san halinmu, ina faɗa za a bar maganar da nake yi a koma faɗa a kan mas'alar.

Da dare a majalisarmu ta ƙofar shago aka ɗauko zancen, shayi har ya huce a buta ba wanda ya tuna da zubi na uku. Wani dattijo abokin zamanmu, mai sai da goro, ya buga ƙafa ya ce addini ba riga ba ne da za ka tuɓe yau ka saka wata gobe, shi abin da ya tarar da ubansa a kai a kansa zai mutu, kuma duk malamin da yake sauya magana ba abin bi ba ne. Wani yaro ɗan jami'a kuma ya ce a'a Baba, ai duk abin da ba ya canzawa ya mutu, zamani riga ne. Ni ina jin su ina ta kalmasa ƙafar wando ban ce uffan ba, don maganar kowannensu ta taɓa ni a wani wuri, kuma ba wadda ta zauna mini daidai.

Malam Edita, in kana son ka san yadda fahimtar addini ke yawo a gari, ka tambayi tela. Shekarata sama da 35 a kan keke. Lokacin da nake yaron shago wando sai ya share ƙasa ake cewa ya yi kyau, mai gidana in ka rage tsawo ko da yatsa biyu ne sai ka sha ranƙwashi. Daga baya aka fara zuwa ana cewa a ɗage, a bar shi saman idon sawu, wani ma ya ce tsakiyar ƙwauri. Akwai mutumin da littafin awona yake da awonsa iri uku, kuma ba ƙiba ya yi ba ba rama ya yi ba, tsayinsa na nan yadda Allah ya yi shi, malami kawai yake canzawa. Mata ma haka, iyayenmu zane da gyale suka sani, yau hijabi har ƙasa nake ɗinkawa dozin dozin in salla ta matso, kuma yarinyar da ke sakawa za ta rantse maka haka aka gada tun kaka da kakanni. Ni kuwa na ga kakar tata da idona a bakin rijiya, Allah ya jiƙanta, mace ce mai salla da azumi, amma ba ta taɓa ganin hijabin roba ba.

To bari in shiga gidanmu, don wanda ya tona na gidansu ya fi wanda ya tona na maƙwabta.

Kakana malamin zaure ne a cikin Birni, ba nisa da fadar Sarki, irin mutanen nan na da da ke sakin hannu a salla, sadalu, yadda suka karanta wajen malamansu. A wajensa wannan ita ce sallar Malikiyya kuma ba wata. Babana kuma yana saurayi yana bin fatake zuwa Kano, a can ya haɗu da mutanen Shehu Ibrahim Inyass na Kaulaha, ya karɓi Faila, wato ɗarikar Tijjaniyya ta hannun Shehun, ya dawo gida yana kama hannu a ƙirji, ƙabalu. Yaran yanzu ba za su gane girman wannan abin ba, za su ce a kan hannu kawai? To a wancan zamanin a kan hannun nan an raba masallatai, an fasa aure, a wasu garuruwan ƙasar Hausa har an ba hammata iska. Kakana ya ce ɗansa ya ɓata, ya shigo da sabon addini gida. Wata bakwai, in ji gwaggona, ba ya amsa gaisuwarsa. Abin dariya abin kuka, daga baya ne na ji wajen masu karatu cewa duka biyun suna cikin littattafan Malikiyya, hadisin ɗora dama kan hagu yana cikin Muwaɗɗa ta Imamu Malik ɗin kansa, sakin hannun kuma daga riwayar Ibnul Ƙasim ce a Mudawwana. Wato uba da ɗa sun yi wata bakwai ba sa magana alhali kowa na riƙe da gefen tabarma guda.

Sai ga ni. An kafa Izala a Jos a 1978, mu nan kuwa tun kafin ta zauna da gindinta muna kama tafsirin Shehu Abubakar Gumi a rediyon Kaduna in azumi ya zo, ga kaset kaset da 'yan kasuwa ke shigowa da su ta Maraɗi da ta hanyar Kano. Bayan babban taron ƙasa na 1991 da aka saki mara, ƙungiyoyi suka yi ta fitowa, wa'azi ya cika gari, ni kuma ina da shekara ashirin da 'yan kai, jini na tafasa. Wallahi ba zan yi ƙarya ba, na amfana. A nan na gyara karatun Fatihata, a nan na fara jin ana cewa kawo aya kawo hadisi, a nan na daina kai kuɗina wajen masu duba, kuma da na tashi aure ban ci bashin bidi'o'in biki ba irin wanda ya karya abokaina. Matata ta shiga makarantar dare ta iya karatun Alƙur'ani da fassara, abin da uwata ba ta samu ba. Wannan duk alheri ne kuma har gobe ina godiya.

Amma akwai abin da ya biyo alherin nan ya shigo zuciyata ban sani ba, kamar yadda ƙaiƙayi ke bin hatsi. Na wayi gari ina ganin duk garin nan ni da abokaina goma sha ne kawai Musulmi. Na daina bin Baba salla. Yana limanci a ɗan masallacin ƙofar gida, ni kuma sai in zagaya ta lungu in tafi wani masallaci mai nisa, mutane na kallo. Babbar salla ta zo ya yanka ragonsa, aka kawo mini tsire na ce na ƙoshi, kowa ya san ba ƙoshi ba ne. Uwata ta shiga ɗaki ta yi kukanta.

Ranar da ba na mantawa wata Juma'a ce da la'asar sakaliya, sun taru a zaure suna wazifa kafin zikirin Juma'a, an shimfiɗa farin ƙyallen nan a tsakiya, ni kuma na dawo daga wa'azi kaina ya ɗau zafi. Na tsaya a bakin zaure ko takalmi ban cire ba na ce Baba wannan abin da kuke yi ba shi da asali, ku ji tsoron Allah. A gaban abokansa, tsofaffi masu furfura, wasu su suka yi mini huɗuba a kunne ranar da aka haife ni. Ba wanda ya tanka, suka ci gaba har suka shafa. Da dare ya aiko ƙanena ya kira ni. Na shiga ina jiran faɗa, na ma shirya ayoyina a baki. Yana zaune kan buzu, fitilar ƙwai na ci, carbinsa a hannu. Ya ce zauna. Na zauna. Ya ce ka ci abinci? Na ce e. Ya yi shiru can sai ya yi murmushi ya ce, yau na ga kaina. Na ce ban gane ba Baba. Ya ce yadda ka tsaya a bakin zauren nan haka na taɓa tsayawa a kan Malam, da irin wannan idon, ina ganin na zo da haske shi yana cikin duhu. Ya ce ban yi nadamar abin da na karɓa ba har yau, amma tsayuwar nan da na yi a kansa, kullum na tuna sai na nemi gafara. Sannan ya ce je ka, ka bi abin da ka gamsu da shi, Allah ya yi maka albarka, amma ka riƙa cire takalmi.

Ka san me na yi Malam Edita? Fita na yi ina cewa a raina tsoho ya rasa hujja. Haka na gaya wa abokaina washegari, muka yi dariya.

Ya rasu bayan shekara shida. Mun ɗan shirya kafin nan, ina gaishe shi ina kai cefane, amma ban koma bin sa salla ba ko sau ɗaya, kuma ban taɓa buɗe baki na ce Baba ka yafe mini tsayuwar nan ba, kullum sai in ce gobe. Ni na yanka likkafaninsa da almakashina. Hannuna bai taɓa rawa a kan yadi ba sai ranar. Kuma abin da ya fi ci mini rai, ayar tana nan cikin Suratu Luƙman, aya ta 15, na sha karanta ta, Allah ya ce ko da iyaye sun matsa maka ka yi shirka kar ka bi su, amma ka zauna da su a duniya da kyautatawa. Wannan fa iyayen da ke kira zuwa shirka ƙarara ke nan, ina ga tsohon da ke tashi tun kafin asalatu yana kiran sunan Allah. Ayar ba ta canza ba tun da aka saukar da ita, ni ne na ɗauki shekaru kafin ta shiga kunnena.

Kar wani ya karanta wannan ya ce a'a tela ya koma ɗarika. Ban koma ba. Ba na wazifa, ba na zuwa maulidi, abin da na gamsu da shi a kan waɗannan yana nan. Abin da ya sauka daga kaina shi ne rawanin alƙalanci, wato raba wa mutane wuta da aljanna daga kan keken ɗinki. Kuma wannan saukar ita ma canji ce, babba ma, wasu tsofaffin abokaina har yau suna cewa na yi sanyi, na zama ɗan ba-ruwana. Su sani.

Shi ya sa maganar dattijonmu mai goro ba ta kama ni ba, duk da ina girmama shi. Wai abin da ya tarar da ubansa a kai. To wane uban? Uban nasa ma in aka bincika ba a kan abin da ya tarar ya mutu ba. Garin nan namu da muke taƙama da shi garin malamai ne tun zamanin Sarki Tanimun mai ganuwa, amma kowa ya san bori da tsafe-tsafen gargajiya sun daɗe suna zaune gefe da gefe da allo, kakannin da yawa daga cikinmu sun yi, sannu sannu aka bari. Da kowa ya ce sai abin da ya tarar, da yanzu wasunmu na can gindin tsamiya da baƙin bunsuru. Lakwal fa? Bayan Faransawa sun ci garin nan a 1899, har ya zama babban birnin ƙasa kafin su mai da shi Yamai a 1926, mutanen kirki ɓoye 'ya'yansu suke yi kar a kai su makarantar Nasara, suna ganin kafirci ne tsantsa, kuma a yadda suka ga zaluncin Nasara ba za ka ce ba su da dalili ba. Yau jikokinsu ne ke layi a jami'ar garin nan, malamin da ya fi kowa zafi ma 'yarsa na karatun likita don mata su riƙa duba mata. Hoto ma haka, na san lokacin da ake cewa ko na katin ɗan ƙasa da ƙyar, yau ba malamin da ba shi da mai riƙe masa kamara.

Kuma ba mu muka fara ba. Ɗan abin da na ji a bakin malamai, Imamu Shafi'i yana da maganganun da ya yi a Iraƙi, da ya koma Masar ya sake duba da yawa daga cikinsu ya canza, har almajiransa suna cewa tsohuwar magana da sabuwar magana, kuma a Masar ɗin ya rasu shekara ta 204 bayan hijira. Ba wanda ya ce Shafi'i ya yi amai ya lashe. Sayyidina Umar ya yi hukunci a wata mas'alar gado ya hana 'yan'uwa shaƙiƙai, da irin ta ta sake zuwa sai ya haɗa su da 'yan'uwa na wajen uwa suka raba, aka tuna masa hukuncin farko, ya nuna wancan ya wuce a yadda aka yanke shi, wannan kuma ga yadda ya gani yanzu. Imamu Malik da muke bin mazhabarsa, halifa ya so ya tilasta wa duk Musulmi bin littafinsa, shi da kansa ya hana, saboda sahabbai sun watsu a garuruwa kowane gari da ilimin da ya isa gare su. Shi ne kuma aka ruwaito yana nuna kabarin Annabi, sallallahu alaihi wa sallam, yana cewa kowa ana karɓar maganarsa ana mayarwa ban da mai wannan kabari. To in masu mazhaba sun bar wa kansu ƙofar gyara, ni wane ne, kai wane ne, da za mu toshe ta da laka?

Sai dai kuma ɗan jami'ar nan shi ma ban bi shi ba. Zamani riga ne, e, amma ba komai ne riga ba. Allah ɗaya ne, Annabi Muhammadu manzonsa ne, salla biyar ce, azumi na Ramadan ne, zalunci haramun ne, cin amanar maraya haramun ne, waɗannan ba su jiran ra'ayin kowa kuma kakana da babana da ni duk da faɗanmu ba mu taɓa saɓawa a kansu ba ko da rana ɗaya. Ai shi ya sa Annabi yake yawan roƙon mai jujjuya zukata ya tabbatar da zuciyarsa a kan addininsa, mu ma muke roƙo. Tabbata a kan addini muke roƙo, ban taɓa jin an ce a roƙi tabbata a kan fahimtar da mutum ya yi yana ɗan shekara 22 ba. Mutane sun haɗa biyun nan sun cakuɗa, shi ya sa in malami ya gyara fatawa sai a ga kamar ya taɓa kalmar shahada.

Kuma gaskiya akwai canjin da ke ba ni tsoro, shi ne na gaggawa. Mu a zamaninmu kafin ka canza sai ka yi wata da watanni kana zuwa karatu, kana jin kaset kana mayarwa baya, duk da haka ga irin ɓarnar da na yi. Yaran yanzu kuwa bidiyon minti biyu a salula ya isa, da safe yana nan da yamma ya koma can, suna canza malami kamar yadda suke canza layin waya in wani kamfani ya yi bonus. Kuma kowace tasha suka sauka sai su ce nan ce ta ƙarshe, duk wanda ke baya halakakke ne. Wannan ita ce cutar, ni na yi ta na san ɗanɗanonta, tana da daɗi wallahi, ka ji kai kaɗai ne a kan gaskiya.

Mun ga inda zafin kai ke kaiwa. Ranar Juma'a 16 ga Janairun 2015 ina garin nan, bayan an sauko daga masallaci aka fita zanga-zanga a kan zanen ɓatancin da wata jaridar Faransa ta yi wa Annabi. Ba Musulmin da abin bai ƙona wa rai ba, ni ma ya ƙona mini. Amma kafin magariba an ƙone coci coci, an ƙone cibiyar al'adun Faransa, an rasa rayuka, washegari abin ya koma Yamai. Kiristocin da aka bi da wuta ba su suka yi zanen ba, wasunsu a nan aka haife su. Akwai wata mata mai kawo mini ɗinkin yaranta shekara da shekaru, ranar a gidan maƙwabcinta Musulmi ta kwana ita da 'ya'yanta, a ɗakin matarsa, ya zauna a ƙofar gida har asuba. Wannan maƙwabcin ɗan ɗarika ne, irin waɗanda da can nake cewa ba na cin yankansu. Na daɗe ina juya wannan a raina. Cikin yaran da suka fita ranar kuwa na san biyu, yanzu sun girma sun yi iyali, ɗaya ya taɓa zama a bencin shagona ya ce Baba tela in na tuna ranar nan kunya nake ji. To Malam Edita, a ce masa kar ya canza? A ce ya dawwama a kan fahimtarsa ta ranar?

Wani abin ma da ya kamata mu 'yan Damagaram mu riƙa tunawa, mu ƙasarmu ta bi Barno ne ba Sakkwato ba, kuma a farkon jihadi an yi musayar wasiƙu tsakanin Shehu Laminu na Barno da Muhammadu Bello, ana muhawara a kan ko aikata saɓo da bin wasu al'adu na fitar da mutum daga Musulunci. Shehu Laminu ya tsaya a kan cewa zunubi daban kafirci daban. Manyan malamai ne duka ɓangarorin, da alƙalami suka yi ta yi. Wato gardamar nan ta girmi kakan kakana, ba a WhatsApp aka fara ta ba, kuma ba yaron da zai kashe ta da bidiyon minti biyu.

Ni abin da nake roƙo wajen malamanmu, na Izala da na ɗarika da kowa, in kun gano kun yi kuskure ku fito ku faɗa kamar yadda wancan malamin ya yi, kar ku ji tsoron dariyar yara. Da yawa sun canza a zuci amma suna tsoron mabiya, sai su yi shiru su bar talaka yana ta faɗa da ɗan'uwansa a kan maganar da su tuni sun sauka daga kanta. Wannan ya fi amai da lashewa muni nesa ba kusa ba. Mu kuma mabiya mu daina mai da malami gunki, mu ne muke hana su gyara.

Bari in rufe da labarin da ya sa na ɗauki biro. Babban ɗana yanzu shekararsa 21, yaro ne mai hankali, ba ya zaman majalisar samari ba ya shaye-shaye, alhamdu lillahi. Kwanaki na lura ya daina bin mu salla a masallacin unguwa, da na tambaya sai ya ce wai malamansa na intanet sun ce shiga ƙungiya ma bidi'a ce, mu 'yan ƙungiya ne, akidarmu da gyara. Ni fa! Ni da na ƙi cin ragon ubana saboda sunna, yau ni ne ɗan bidi'a a gidana. Na fara jin wani abu na taso mini daga ciki, bakina ya cika da magana, sai kawai na ga zauren nan da fitilar ƙwai da buzu. Na ce masa zauna. Ya zauna yana kallona da idon nan, na san idon, nawa ne. Na ce ka ci abinci? Ya ce e. Na ba shi labarin kakansa da kakan babansa tun daga sadalu har farin ƙyalle, ban rage komai ba har da dariyar da na yi washegari. Ya saurara dai, ban san abin da ya shiga ba, wataƙila shi ma ya fita ya gaya wa abokansa tsoho ya rasa hujja.

Shekaranjiya ya kawo mini sabuwar shaddarsa ya ce Baba a ɗinka mini, amma wandon a ɗage sosai, ya nuna mini da yatsa daidai inda yake so. Na sa metir na auna, na ɗinka masa daidai inda ya nuna, ko rabin yatsa ban ƙara ba. Sai dai ban yanke ragowar yadin ba, na naɗe shi ciki na yi kalmasa mai faɗi, yatsa huɗu cur, na bi ta da zare mai sauƙin warwara. Bai lura ba, ya saka ya tafi masallacinsu.

Na gode Malam Edita, a gaida ma'aikata.

Naku,
wani tela daga unguwar Birni, Damagaram, Jamhuriyar Nijar.